Kyamarar Sabo da Ba Ta Jin Ruwa

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sabo. Har yau in ruwa ya cika fadamar Auyo, samari suka fito tseren kwale-kwale, sai idona ya riƙa neman wani siririn mutum a goshin jirgi da kyamara a hannu.

Kyamararsa ta farko kogi ne ya kashe ta, ranar da wani ɗan tsere ya watsa mata ruwa da filafilin tuƙi. Da ya tashi sayen wata sai ya ja ni Kano. Mai shago na ta yabon manya masu fito da hoto tar, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce: "In ta faɗa ruwa fa?" Bai saya ba sai da aka tsoma wata 'yar ƙarama a bokiti ta fito tana aiki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da muka dawo Haɗejiya sai ya saita ta a kan bidiyo mara nauyi, irin wanda ƙananan wayoyin ƙauye ke buɗewa. Hoton ya yi dishi-dishi, na yi ta masa tsiya. Ya ce, "Yaya, bidiyon da masunci ba zai iya kallo a wayarsa ba, na wa ne?" Duk wanda ya kawo masa memori sai ya tura masa.

Abu ɗaya ya dame shi. An toshe kyamarar ta ko'ina don kada ruwa ya shiga, shi ya sa sauti ma da ƙyar yake shiga. Ganga da ihun 'yan kallo sai ka ji kamar daga cikin randa, muryar mai riƙe da ita kaɗai ke fita sosai. Har ya koma ga Allah yana ƙorafin nan.

Yau kowane yaro da wayarsa a bakin ruwa. Na san da yana nan da ya ji daɗi, sannan ya hau su da faɗa don suna riƙe waya a tsaye suna yanke rabin jirgi. Ina kewar wannan faɗan.

Bayan rasuwarsa ambaliya ta ci ɗakinsa, kwamfuta da memorinsa duk suka lalace. 'Yarsa Hafsatu kuwa tana cikin mahaifiyarta ya rasu. Bana ta tambaye ni, "Baffa, muryar Babana irin taka ce?" Ni ma kuwa muryar ta fara ɓace mini.

Na yi ta cigiyar bidiyonsa har kasuwar Kafin Hausa, inda wani masunci, Malam Garba, ya ce yana da tsohon memorin da Sabo ya tura masa bidiyo, a gwangwanin ƙugiyoyinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da babban bidiyo Sabo ya zaɓa, da komai ya tafi da ruwa.

Ni da Hafsatu muka saka a waya. Jirage na wucewa dishi-dishi, fuskarsa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Sai murya, kamar yana gefenmu: "Ja, Garba, ja, saura kaɗan." Sannan dariyarsa. Abin da ya ɗauka aibin kyamara ne, shi ya rage mana. Allah ya jiƙansa.

Hafsatu ba ta kalli jiragen ba. Ta kara wayar a kunnenta, ta ce, "Baffa, a sake."