Mijina Ba Ya Cikin Takarda

Shekarar da soja suka koma bariki muna zaune a Makera, nan Kaduna, ciki da falo, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Aikinsa lodin kaya a filin jirgi. Masu lodi suna da wata al'ada tasu: in jirgin kaya zai tafi Legas kuma akwai wuri, sai oga ya ɗaga wa mutum gira, ya shige ya zauna kan kwali, ya je ya dawo kyauta. Ba a rubuta suna, don doka ta hana. Maigidana ya yi haka ya fi a ƙirga, har yana tsokanar masu kwana a hanya cikin bas.

Ran nan ya ce ƙanensa na kwance a Legas, zai leƙa shi ya dawo gobe. Da hantsi ina wanki, maƙwabciyata, wata 'yar kudancin Kaduna mai aiki a masaƙa, ta shigo da rediyo a hannu. Ana cewa jirgin kayan Legas ya tashi, inji ya mutu, matuƙi ya yi ƙoƙarin juyowa, suka faɗa daji. Ba wanda ya fita. Aka karanto sunayen ma'aikatan da ke ciki, babu nasa. Ta rungume ni tana godiya ga Allah. Ni kuwa na riga na san yana ciki.

Washegari ni da yayansa muka je wurin ogan. Mutumin nan ya sha cin tuwo a falona. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Madam, mijinki jiya ya tashi aiki tun safe. Ban san inda ya yi ba."

Na ce, "Oga, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ga takardar sunaye nan, ku duba."

Sauran masu lodin duk suka sunkuyar da kai. Kowa na tsoron kora, kuma kowa yana da bakunan ciyarwa. Na fahimci wannan, amma ban yafe ba.

Ba gawa, ba shaida. Dangi suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya ce a naɗe, ba a zaman makokin wanda ba a tabbatar ya mutu ba. Masu shigowa sai su ce, "Allah ya bayyana shi." Na tsani addu'ar nan. Wasu har da raɗa cewa wai ya gudu ne ya bi wata a Legas, mutumin da ko sayen omo zai fita sai ya faɗa mini.

Na so in shiga takaba. Alƙali ya ce a shari'a ni matar ɓatacce ce, sai na jira shekara huɗu. Na jira. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba, ina soya awara a bakin titi. Uwarsa ta rasu a shekara ta uku tana tambaya ko ya aiko da saƙo. Da wa'adin ya cika na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, lokacin da kowa ya manta da kamanninsa, har ƙaramar 'yarsa.

Bayan nan na haɗu da ogan a kasuwar Gonin Gora, ya yi ritaya, ya ajiye gemu, yana sayen doya. Shi ya fara gane ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, ni na sa shi a jirgin da hannuna. Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Yanzu da fanshonka ya fito?"

Ya ce da aka kwashe gawarwakin ɗaya ta yi rara, sai suka haƙa rami suka binne ta nan cikin dajin tun kafin manya su iso.

Na ce, "An yi masa salla?"

Ya ce, "Sauri ake yi."

Na ce ya kai ni wurin, ko addu'a yarana su yi. Ya daɗe yana juya doyar a hannunsa. Sannan ya ce an nome wajen tuni, ko shi ba zai gane ba.