Rantsuwar Maigida a Kan Mai Ɗan Kamfai

Tun kafin na'urar nan ta shigo gidanmu ina da abin da ke hana ni sukuni. Ɗana na fari yana kan nono, ni kuma na soma jin amai duk sanda aka soya kifi. Na san ko mene ne, kwanika ce. Tsofaffi sun ce nonon mai ciki na lalata yaro, don haka kullum sai na matsa cinyarsa in ji ko ta rage. Mafita ɗaya ce, a kai shi yaye wurin innata a ƙauyenmu bayan Kafin Hausa, kafin ruwa ya cika fadama ya yanke hanya. Maigidana ya ce zai kai mu a babur ɗinsa.

Gidan haya muke a Haɗeja tare da wani malamin sakandare mutumin Filato. Ticha muke ce masa, matarsa kuma Madam. Shi ya dawo daga hutu a Jos da wani abu kamar tafireta, wai kwamfutar wasa. Ana jona ta da talabijin da rediyo mai kaset. Kaset ɗin ba waƙa ba wa'azi, sai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sai an sha wannan kukan har mutum ya gaji, sannan wani ɗan mutum mai gemu ya fito sanye da sulke a tsakiyar maƙabarta.

Wai matarsa aljanu suka sace, zai je ceto. Gawawwaki na tsirowa daga ƙasa, yana jifansu da mashi. Taɓawa ɗaya, sulken ya tarwatse, a bar bawan Allah daga shi sai ɗan kamfai, yana tsallen kaburbura da gemunsa. Taɓawa ta biyu ya zama tulin ƙashi. A sake.

Madam ta leƙa ta ce, "In wannan ne mijin, gara matar ta yi zamanta wurin aljanun."

Maigidana ma'aikacin noman rani ne, mutum mai natsuwa, sai dai ba ya son a yi masa dariya. Wata la'asar ɗan kamfai ya mutu a hannunsa ya fi a ƙirga, Ticha ya ce, "Malam, haƙura, wannan ba aikin masu auna ruwa ba ne."

Ina bakin turmi na ji muryarsa. "Wallahi tallahi ba zan bar garin nan ba sai na ga ƙarshensa!"

Taɓarya ta kusa faɗo mini a ƙafa.

Daga nan rayuwata ta rataya a wuyan mai kamfai. In an kawo wuta su zauna, in ya soma nisa a ɗauke, a koma kukan kyanwa. Hadari kuwa kullum sai ya haɗo daga gabas. Masu kawo kifi daga Baturiya har sun gane ni, ba na saye, sai tambayar inda ruwa ya kai.

"Malam, an ce ruwa ya shiga gonar su Baffana a ƙauye."

"Na ji. Wani jan aljani ne mai fiffike, shi kaɗai ya rage."

"Jiya ma shi kaɗai ya rage."

"To ki yi addu'a mana."

Na kuwa yi. Ni da ko kallon namiji ba riga ba na yi, sai ga ni a bakin ƙofar Madam da goyo, ina cewa Allah ka tsare masa wandonsa.

Ran nan sai ihu. Ya kai! Ya fito tsakar gida yana huci kamar shi ya yi gudun. Har na ɗauko zannuwan yaro ina ɗaurewa, sai Ticha ya buɗe baki.

"Ai wannan na gida ne, gutsure shi aka yi don ya shiga kaset. Na ainihin babban akwati ne a Jos, ana jefa masa kwabo. Ya fi wannan tsawo nesa. In ma ka kai ƙarshe, cewa yake ruɗu ne, ka koma farko."

Madam ta mintsine shi, amma magana ta riga ta fita. Maigidana ya zauna a kan turmi ya yi tagumi.

"To ni ƙarshen wanne na rantse a kai?"

Kuma ko na Jos ɗin ne, ta ina zai je, shi da ya rantse ba zai bar gari ba?

Ban yi karatu mai yawa ba, amma na san kaffara. Na auno shinkafa, na toshe hanci da gefen mayafi na dafa ta da busasshen kifi, na zuba kwano goma na mabukatan unguwa. Na jera a gabansa.

"Malam, ka yi niyya kawai. Rabawa ni zan aika."

Ya dube ni, ya dubi ɗakin Ticha, ya yi niyya.

Da safe muka kama hanya. Ruwa ya riga mu, sai a kwalekwale aka ɗora babur, ina rungume da yaro ina salati har muka tsallaka. Inna ta karɓe shi ta ce da mun ƙara kwana da sai kaka. Kunun gyaɗa ya karɓe shi, ya yi kumatu.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In kuka ji magidanci ya soma wallahi a gaban talabijin, don Allah ku katse shi tun bai kai tallahi ba.