Gawon Na'Allah

A Gangara, in ka ce Alhajin Kano, Na'Allah kake nufi. Shi da kansa yake amsawa, har ya gyara maka zama ya ba ka labarin.

Manomin gyaɗa ne, mai son awaki, mai riƙo. Tun kafin Faransawa su tafi ba ya gaisawa da maƙwabcinsa Hayatu, saboda wani gawo da ke kan iyakar gonakinsu. Kowannensu na cewa nasa ne, domin da rani 'ya'yan gawon nan su ke riƙe da dabbobi.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai gyaɗa ta yi kyau, Na'Allah ya biya kuɗin jirgin sama zuwa Makka. Mai tafiya hajji kuwa sai ya bi gida gida yana neman gafara. Na'Allah ya tabbata wannan ƙarfe ba zai sauko da shi da rai ba, don haka da ya isa ƙofar Hayatu bai yi ƙwauro ba.

"Hayatu, na bar maka gawo duniya da lahira. Ka yafe mini."

Suka yi kuka, jama'a suka shaida, aka raka shi har bakin mota.

A Kano aka ce jirgi sai gobe. Goben ta zama jibi. Ana cikin haka aka kira maniyyata buro, wato ofis, wani malamin kamfani ya ce an soke tashin, kuma lokacin hajji ya ƙure. Ya ce hakkin kowa ne a mayar masa da kuɗinsa cif, tunda ba shi ya fasa ba.

Na'Allah ya karɓi nasa ya ɗaure a lalita, amma bai motsa ba.

"Baba, da saura?" in ji malamin.

"Yaro, duk abin da mutum ya bayar saboda tafiyar nan, ana mayar masa?"

"Duka, Baba."

Da wannan fatawa ya hau motar gyaɗa. Duk hanya yana shirya magana: jirgi bai tashi ba, shi bai mutu ba, ashe kyauta ba ta zauna ba. Ya ce shi kaɗai ne maniyyacin da ya komo gida yana murna zai yi rigima.

Ranar kasuwa ya sauka, ga Hayatu a rumfar masu igiya.

"A'a, Alhaji! Har an dawo? An matso da Makka ne?"

Na'Allah ya zayyana masa dokar masu jirgi tiryan-tiryan. Hayatu ya saurara yana murza igiya.

"Doka mai kyau," in ji shi. "Ɗauki gawonka. Amma ni ma na bayar da wani abu saboda tafiyar nan. Maido mini gafarata. Daga yau ba sannu, ba ina kwana. In ka tashi tafiya baɗi, ka zo mu sake kukan."

Na'Allah ya tuna awakinsa. Ya kuma tuna yadda ya daɗe yana zagaye ta bayan masallaci don kada su haɗu, ga shi ƙafa ta fara ciwo, ga kukan nan da ya yi a gaban mata, wanda ba ya jin zai iya maimaitawa.

"Riƙe gawon," ya ce. "Allah ya sa albarka."

"Amin, Alhajin Kano."

Sunan ya bi shi. Kuɗin jirgi suka tafi a shekarun fari da auren 'ya'ya, Makka kuwa bai je ba. Amma kullum da hantsi za ka same su su biyu a inuwar gawon, awakin Na'Allah na ta kalar 'ya'yan da suka zubo. In Hayatu ya ɗaga sanda zai kore su, sai Na'Allah ya riƙe masa hannu.

"Ni na yafe, Hayatu. Su ba su biya kuɗin jirgi ba, ba su nemi gafarar kowa ba."