Damisar da Yaya Haruna Bai Gani Ba

Shekara bakwai ke nan da muka sallaci Yaya Haruna a Masallacin Annabi bayan La'asar, muka raka shi Baƙi'a. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan yi rubutu a kansa, sai in rasa ta inda zan kama. Bana na ce bari in fara da ranar da na fi jin haushinsa a duniya, domin yau ita ce ranar da na fi alfahari da ita.

Mu 'ya'yan mafarauci ne daga wani ƙauye a ƙasar Bauchi. Ni boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, har na zama mai haɗa magani, aiki ya kawo ni wani asibiti a nan Madina. Shi kuwa daji ne ya ɗauke shi. Ya bi Baba farauta, ya ɗana tarko, ya iya karatun sawu fiye da yadda na iya karatun rubutun likitoci. Daga baya ya jingine bindiga ya kama aikin gadin gandun daji, da ya yi ritaya kuma ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya zo aikin gonar dabino a bayan unguwar Jurf ta nan Madina. Nakan tsokane shi in ce, ɗan mafarauci guda ya ƙare a garin da aka haramta farauta. Sai ya yi murmushi ya ce, "Dakta, garin da aka ce kada a kori tsuntsu, kada a sare itace, ai mai gadin daji ya zo gida."

Bayan Hajji, wanda Allah ya nufa ya yi, buri ɗaya ya rage masa. A gonar akwai abokin aikinsa Rafik, mutumin Indiya, wanda garinsu ke bakin wani babban gandun daji. Shi ya cika masa kunne da labarin damisar ƙasarsu mai ratsi-ratsi, wadda ta ninka tamu ta gida girma. Yaya ya ga zaki, ya ga giwa, ya ga kura har ya gaji, amma wannan bai taɓa sa ta a ido ba, kuma gani ya kori ji. Da Rafik ya tashi aurar da 'yarsa ya gayyace mu, kafil, wato ubangidansa na aiki, ya ba Yaya hutu, ni kuma na bi shi a matsayin tafinta.

Dokar wurin mai tsauri ce. A buɗaɗɗiyar mota ake shiga da jagora, ba a sauka, ba a ɗaga murya, waya ba ta kamawa, kuma idan lokacin fita ya yi ko me kake kallo sai ka fita. Shiga biyu muka yi, muka sha kallon barewa da ɗawisu da birai, damisa kuwa ko ƙeyarta. Dama kirarinta ke nan, damisa ƙi sabo. Shiga ta uku ita ce ta ƙarshe, domin washegari jirginmu zai tashi.

Hantsi ya fara ɗagawa sai wata mota ta tsaya kusa da tamu, direbanta ya raɗa wa namu cewa ga wani ƙaton namiji can kwance a bakin tafki, tafiyar minti goma. Na kama hannun Yaya na matse don murna. Ashe shi hankalinsa ba ya nan, ya leƙa ta gefen mota yana duban ƙurar hanya. Motarmu na tashi ya bugi kafaɗar Rafik, wanda ya rako mu, ya ce da Larabcinsu na gona: "Sadik, wakkif. Fi mushkila." Wato aboki, a tsaya, akwai matsala.

Aka tsaya. Ni dai ƙasa kawai na gani. Ya nuna mana sawun damisa da yatsa, ya ce ƙafa uku sun taka sosai, ta huɗu, ta gaba ta hagu, da ƙyar take taɓa ƙasa. Ya nuna wani siririn layi da ke bin gefen sawun, ya ɓace, ya sake fitowa.

"Mace ce," in ji shi. "Waya ce a ƙafarta. Ta tsinke tarkon, amma zargen yana nan, kuma duk takun da ta yi ƙara shiga yake."

Na ce, "Yaya, ta yaya ka sani?"

Ya ce, "Na ɗana irinsa da hannuna."

Jagoran, mutum ne mai hankali, ya ba da shawara mu fara zuwa tafki, idan mun fito ƙofa sai a kai rahoto. Yaya ya girgiza kai. Ya ce kafin nan motoci goma sun bi ta kan sawun sun shafe shi, ita kuma ta shige ciyawa, ba mai sanin ta inda za a fara nema. Sai dai mu juya yanzu zuwa sansanin masu gadi, wanda ke can baya da nisa. Kowa a motar ya san idan muka juya, tafki ya wuce mu ke nan.

A nan ne na manta da dokar murya, na manta kuma da wanda nake magana. Na ce masa mun tsallako teku saboda wannan minti goman, na ce dajin ba nasa ba ne, yana da masu shi, na ce ya yi ritaya amma ya ƙi yarda. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Dakta, wancan na tafki lafiyarsa ƙalau. Ba ya bukatar in gan shi."

Tunda ba a sauka, sai ya cire hularsa, zanna bukar ɗin da ya saya don bikin, ya wurga ta kan wata ƙaya daidai inda sawun ya bar hanya. Haka mafarautan garinmu ke yi, inda sawu ya shiga daji a nan ake barin alama. Muka juya. A sansani aka yi ta yi masa tambayoyi ina fassarawa da ɗaurarriyar fuska, shi kuma yana zana musu sawun a ƙasa da tsinke. Kafin a gama lokacin fita ya yi. A bakin ƙofa kowa sai nuna hoton ƙaton nan yake yi, mu kuwa muka wuce da Yaya kansa ba hula. Ban ƙara yi masa magana ba har muka sauka Jidda, shi kuwa ya ci abincinsa a jirgi ya yi barcinsa.

Bayan wata huɗu Rafik ya dawo daga dogon hutunsa da ƙunshi a hannu. Hular ce, rana ta ɗan cinye launinta, da hoto guda. Masu gadin sun bi alamar, suka sami damisar a kwana na biyu a bakin wani rafi, suka sa mata allurar barci suka yanke wayar. Sun kuma tsince tarkuna da yawa da aka ɗana wa aladun daji a gefen gonaki. Yaya ya karɓi hoton, bai ma kalli fuskarta ba, ƙafar ya tsura wa ido. Ya ce, "Ta warke, amma za ta ji a jikinta da sanyi." Da shekara ta zagayo wani hoton ya zo, tana tafe da 'ya'ya biyu a bayanta. Wannan ne ya liƙa a bangon ɗakinsa, yana nan har ciwon ƙarshe ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce yanzu na'urori ne ke gadin dabbobi, an ɗaure su a jikin itatuwa suna ɗaukar duk abin da ya gifta. Na san zai yaba, sannan ya tambaya ko na'urar ta san bambancin ɗingishin ƙaya da na waya. Zai yi murna da jin cewa a ƙasar nan ana mayar da barewa cikin duwatsun arewa, har ana zancen dawo da damisar Larabawa. Labarin dazuzzukan gida ne ba na so ya ji, yadda wuraren da ya yi gadi suka zama ba masu shiguwa ba, ba don tsoron namun daji ba. Mu kuma masu yawon buɗe ido ba mu sake hali ba. Har gobe hoto muke zuwa nema, kamar yadda na je nema, idonmu a sama, ba mai duban ƙasa.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da digirina na hau rimin, ban ga komai ba sai ƙura. Abin da ke ci mini rai shi ne ban taɓa buɗe baki na ba shi haƙuri ba. Na yi ta cewa sai gobe, shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba, ko ranar da hular ta dawo.

A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari. Nakan shiga bayan Asuba in tsaya wajen da nake zato, amma ni ban iya karatun ƙasa ba, ba zan rantse cewa nan ne ba. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, bai ga damisar da ya tsallake teku dominta ba. Sai dai a bara Rafik, wanda ya koma gida, ya aiko mini da saƙo cewa ɗaya daga cikin 'ya'yan nan biyu ita ma ta haihu. Wato a wani daji da ba a san sunan Haruna ba, akwai jikokin gurguwar nan suna taka ƙasa da ƙafa huɗu saboda ɗan mafaraucin garinmu ya ce a juya mota.

Hular tana wurina. Ta yi mini yawa, amma da ita nake zuwa Juma'a. Yaya, ka yi haƙuri, kai ne da gaskiya. Allah ya haskaka makwancinka, ya duba ka da rahamar da ka duba dabbar da ba ka taɓa gani ba.