Sanyaya da Ƙanƙarar Gidan Kifi

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Sanyaya yake ce mata, har mijinta. Wani tsoho ne ya laƙaba mata a wurin wani taro, ya kurɓi lemon da ta haɗa, ya lumshe ido ya ce, "Kai, wannan baiwar Allah ta sanyaya mana rai." Lokacin tana da sauran ƙuruciya. Yanzu furfura ta mamaye mata gaban kai.

Ba da niyyar sana'a ta fara ba. Mijinta direban babbar mota ne, yakan dawo daga tafiya da kankana da abarba fiye da abin da gida zai iya cinyewa, ita kuwa ba ta iya kallon abu yana ruɓewa. Sai ta riƙa markaɗawa tana tacewa, tana aika wa maƙwabta. Wannan ta yi baƙi ta roƙi a haɗa mata, waccan ɗanta ya gama karatu ta ce sai Sanyaya. Kafin a ankara, da zarar zafi ya kama, ba a yin taro a unguwar ba a ga shuɗɗan kulolinta jere a bakin ƙofa ba.

Tana da tsarinta, kuma ba ta sassauta shi. Kankana sai ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, abarba sai ta shinshina gindinta. Kowace ana markaɗa ta daban, a tace da farin ƙyalle, sannan a haɗa. Ɗanyar citta kaɗan, yadda za ta ɗan ja maƙogwaro. Lemun tsami sai a ƙarshe, don in ya daɗe a ciki ɗaci yake kawowa. Na'ana'a a tafin hannu take murza ta, ba ta sa mata wuƙa. In wani ya ce sukari bai ji ba, sai ta ce, "Mai son alewa ga kanti can." Ƙanƙara kuwa da kanta take yi, da dafaffen ruwa, a firizar da ta cinye rabin kicin ɗinta. Ta waje ba ta shiga cikin lemonta, iyakarta a jera ta a gefen roba.

Ƙanwarta, wadda suke kira Auta, Sanyaya ce ta goye ta a baya tun tana tsumma. Da mijin Auta ya rasu ya bar ta da 'ya mace ɗaya, Sanyaya ba ta jira shawarar kowa ba, ta share ɗakin da take ajiyar kuloli ta ce su dawo. Ta roƙi shugabar wata makaranta da ke kusa ta karɓi yarinyar. Auta ta kama aiki tare da ita. Hannunta da sauri, bakinta da barkwanci. Suna fere abarba tana kwaikwayon yadda manyan baƙi ke roƙon ƙari a ɓoye, Sanyaya na dariya har da hawaye tana cewa, "Auta, za ki sa in yanke yatsa."

Makarantar nan ce ta shirya taron iyaye da yara a tsakiyar wani zafi mai tsanani, aka ba Sanyaya aikin lemo. Tun ana gobe taro aka ɗauke wuta, gari ya waye ƙanƙarar firiza duk ta zama ruwa. Sun gama tacewa ke nan aka kira waya: mijinta ya zamo daga kan mota yana ɗaure kaya, ya karye a ƙafa, yana asibiti. Sanyaya ta yafa mayafi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Auta, ki sayi ƙanƙara ki jera a gefen robobin kawai. Kada ki fasa ko ɗan gutsure a ciki. Gara a sha ba sanyi."

"Haba Yaya, yau na fara? Ki tafi, Allah ya ba shi lafiya."

Ƙanƙara ta yi wuya a ranar. Inda Auta ta samu shi ne gidan sanyin masu sayar da kifi. Ta jera a gefe kamar yadda aka ce, amma rana ta take, lemon ya ƙi yin sanyi, iyaye suka fara yatsina fuska. Sai ta ɗauraye dunƙulen ta farfasa ta zuba a ciki. Aka sha, aka yaba.

Washegari yara da dama suka kwanta da amai da gudawa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wasu sai da aka ƙara musu ruwa. Sanyaya tana gefen gadon mijinta labarin ya iske ta. Da ta koma gida ta buɗe kulolin da ba a wanke ba, ƙarnin kifi ya daki hancinta. Auta ta fashe da kuka ta faɗa mata komai.

"Share hawayenki," in ji Sanyaya. "Tare za mu je. Mu faɗi gaskiya, mu ba da haƙuri. Aikina ne, ni zan fara magana."

Ofishin shugabar ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa tana kaɗa iska mai zafi. Iyaye sun cika kujeru, wasu na tsaye jikin bango. Sanyaya ta gaishe su, ta buɗe baki za ta fara, sai wata uwa ta nuna Auta ta ce, "Wannan ce ta zuba mana. Ita za ta faɗa."

Auta ta dubi shugabar, ta dubi ƙasa.

"Ni dai abin da Yaya ta haɗa shi na kawo. Ban taɓa komai ba." Sannan ta ƙara, "Na ma ce mata kankanar nan ta fara lalacewa, ta ce a markaɗa haka nan."

Sanyaya ta juya ta kalli ƙanwarta, ƙanwar ta ƙi ɗago kai. Kalma ɗaya ta ishe ta wanke kanta, ga kuloli can a gida suna ƙarni. Amma ta taga tana hango 'yar Auta a cikin layin 'yan ajinsu. Ta haɗiye maganar. Ta ce, "Ku yi haƙuri. Laifina ne."

Abin da aka gaggaya mata a ɗakin nan ba ta taɓa maimaita wa kowa ba.

Suka kama hanyar gida har suka zo kwanar layinsu. Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ke kina da miji, kina da gida. Ni in suka kori yarinyar nan ina zan nufa?"

Sanyaya ta ci gaba da tafiyarta.

Magana ta zaga unguwa: Sanyaya ruɓaɓɓen kaya take markaɗa wa mutane. Waya ta daina ƙara. Matan da ta yi wa hidima shekara da shekaru suka koma gaishe ta daga nesa. Mijinta da ya ji gaskiyar ya so ya dogara sanda ya je makarantar, ta hana shi. Ba a rufa wata ba Auta ta kama ɗaki a wani layi. Da zafi ya zagayo, Sanyaya ta wuce ta ƙofar wani gidan taro ta ga Auta tsaye tana zuba lemo, tana murza na'ana'a a tafin hannu, ana ta yaba mata tsafta.

Ta sayar da firizar, ta raba kulolin. Ta koma yi wa mutane ɗinkin zannuwan gado, sana'ar da ba ta ƙauna. Lemo sai dai ta haɗa jug ɗaya, ita da mijinta su sha a inuwar baranda.

Sai bayan shekaru Auta ta sake taka gidan, ranar da ta ji ciwon ƙafar mijin ya tashi. Ta rame, ita ma furfura ta fara. Suka gaisa kamar baƙi. Auta ta ce zafin bana ya yi yawa, Sanyaya ta ce ya yi. Can ta ajiye ɗinkin da ke cinyarta.

"Auta, tsoro kika ji, na sani. Da kika ce ba ki taɓa komai ba, ban riƙe ki ba. Amma maganar kankana fa? Wa ya tambaye ki?"

Auta ta zauna tana murza bakin mayafinta har mijin ya yi kira daga ɗaki a kawo masa magani. Sanyaya ta tashi ta shiga. Da ta fito, ba kowa a kan kujerar.