Buhu Biyu na Malam Isufu

Ni ɗan Karakkai ne, ƙasar Bungudu, kuma ɗan manomi. Tun ina ƙarami, duk kaka mutanen Nijar kan zo sayen gero wurin Babana. Akwai wani dattijo daga wajen Maraɗi, Malam Isufu, wanda a zaurenmu yake sauka. Yakan zo mana da dabino da kanwa, ya koma da hatsi. Ba mai cutar wani. Shi ya samu abinci, mu mun samu kasuwa.

Da na girma sai na raina fartanya. Na tafi Gusau na zama ɗan kamasho a tasha. Lokacin mulkin soja ne, an hana fitar da hatsi daga ƙasa. Wato duk ɗan Nijar da ya sayi buhun gero da guminsa ya zama mai laifi, ko an zalunce shi ba shi da bakin kai ƙara. Ni kuwa na gane haka da wuri.

Da ƙaramin abu na fara. In na ga baƙo da buhu, sai in raɗa masa cewa zan kira masu kaki, ya ba ni na goro in yi shiru. Daga nan na haɗu da wani korarren ma'aikaci da muke kira Sajan. Ya ce mini, "Kai, wannan ai bara kake yi. Zo ka ga yadda ake ci da doka." Muka sayi tsohon kaki a gwanjo, muka buga ƙusoshi a jikin katako. Ranar kasuwar Tsafe sai mu shimfiɗa shi a kan titi kusa da 'Yandoto, da rana tsaka, mu tare motocin hatsi masu zuwa Gusau.

To, yaya za ka gane ɗan Nijar, alhali Hausarmu ɗaya, sallarmu ɗaya? Sajan ya koya mini. Tabon allurar rigakafi da ake yi wa jarirai, wadda muke kira lamba, mu a damtse yake, su kuma a ƙasan gwiwar hannu. Sai in daka tsawa, "Kowa ya naɗe hannun riga!" Wanda tabonsa ke ƙasa, kayansa sun zama namu. Wallahi har dariya nake yi in na ga babban mutum yana ɓoye hannunsa.

Wata shekara damina ta yi gardama a can ƙasarsu, suka yi ta kwararowa. Mu kuwa kakarmu ta yanke saƙa. Ran nan muka tare wata akori-kura, na sa aka jera fasinjoji a bakin hanya. Na kama hannun wani tsoho na juya, ga tabo a ƙasa. Da na ɗaga kai sai na ga Malam Isufu. Ya rame ƙwarai, rigar ma ta yi masa yawa.

Ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne? Ɗan Malam Garba na Karakkai? Alhamdu lillahi, na faɗo hannun gida."

Sajan yana kallona. Na ce, "Tsoho, ban san ka ba. Ina kayanka?"

Ya nuna buhu biyu. Ya ce saniyarsa ta ƙarshe ya sayar ya saye su, jikokinsa biyar na can suna jiransa, tun shekaranjiya ganye suke ci. Ya durƙusa a kan kwalta ya ce, "Ɗana, ɗauki guda, ka bar mini guda, don Allah."

Da ya yi shiru, da wataƙila na bar masa. Amma wannan "ɗana" a gaban Sajan ita ta ƙona mini rai. Na wanka masa mari, hularsa ta faɗi. Na zare wuƙa na farke buhu ɗaya, geron ya malale cikin yashi da baƙin mai. Na ce, "Ga naka nan, tsince." Ɗayan muka jefa a motarmu. Da muka tashi na waiwaya, na gan shi yana tara gero da ƙasa cikin hularsa. Ban ji komai ba. Ranar har tsire na ci.

Bayan 'yan watanni dubunmu ta cika. Muka tare motar da ke ɗauke da masu kakin gaske cikin farin kaya. Sajan ya tsere, ni na sha dukan da har yau kunnena na hagu ba ya ji. Aka ɗaure ni shekara biyu. A kurkuku na san yunwa. In an miƙo 'yar gabza, tuwon kurkuku da bai kai tafin hannu ba, sai in ga hular tsohon nan. A nan na fara sallah da kuka.

Da aka sake ni na koma Karakkai. Baba ya san an ɗaure ni, amma ya ɗauka rikicin tasha ne. Na tarar da rumbunansa cike da geron da ƙwari suka mayar gari, don masu saye sun daina zuwa, kasuwar gida kuma ta karye. Abinci na ruɓewa a nan, mutane na mutuwa a can, tafiyar yini ɗaya tsakani.

Muna zaune a zaure Baba ya ce, "Ka tuna Malam Isufu? Shekarar da damina ta yi musu gardama ya iso nan a ƙasa, kumatunsa a kumbure. Na ce ya ɗauki buhu uku kyauta, ya ce ina amfani, za a ƙwace a hanya. Ɗan geron da ya ƙulle cikin hularsa kaɗai ya tafi da shi. Daga baya aka aiko mana, jikokinsa biyu ba su ga damina ba. Shi ma bai daɗe ba."

Na ce, "Ya faɗi wanda ya yi masa haka?"

"Na tambaye shi har sau uku. Ya ce wani yaro ne mai kaki, bai san shi ba."

Samari, ku ji ni da kyau. Duk inda aka mayar da saye da sayarwa laifi, mugaye irina ne ke ƙiba, kuma za a kira ku ku shigo a ci da ku. Kada ku je. Wanda ya ƙetaro iyaka neman abinci baƙonku ne, ku bar shi ya saya ya wuce. Na tuba, na koma gona, amma mutumin da zan roƙa gafara ya rufa mini asiri ya tafi kabari.

Baba ya tsufa yanzu, ni ke riƙe hannunsa zuwa masallaci. Bayan kowace sallah yakan ɗaga hannu ya ce, "Allah ya isa tsakanin Malam Isufu da yaron nan mai kaki." Sai ya juyo ya ce, "Ka ce amin mana." Ni kuma in ce amin.