Yadda Motima Ya Shigo Gidanmu

A takarda Mortimer ake rubuta sunan gidanmu, amma kowa a Bukuru Motima yake cewa. Na sha tsokana a kansa tun ina firamare: baƙi ƙirin da ni, ga sunan Bature. Duk ranar da na dawo ina kumbura, kakarmu Iya Talle ta san abin da ya faru. Bayan sallar isha sai ta ja kaskon garwashi tsakar ɗaki, ta zuba gyaɗa a toka, mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu saboda sanyin garin nan.

"Yau babu gizo babu ƙoƙi," in ji ta. "Ga ta nan, amma wannan ta gidanku ce."

Surukinta, wato kakan babanmu, magini ne a zamanin haƙar kuza. Akwai wani Bature mai awon ƙasa, masifaffe, ba ya dariya, ba ya kyauta. Sau biyu yana sa maginin ya rushe katangar da ya gama. Wata damina zazzaɓi ya kama Baturen, ya mutu a gidan ciyawa, ba mata ba ɗa, ba wanda ya zo daga ƙasarsu. Maginin ne ya gina masa kabari. A makon nan matarsa ta haihu. Aka raɗa wa yaro Musa, amma uban ya ce a riƙa kiransa Motima, sunan Baturen.

Nakan ce, "Iya, ba kin ce mugu ne ba?"

"Na ce masifaffe ne. Kuma ko masifaffe uwa ce ta haife shi. Cewa maginin ya yi baƙo ba zai mutu a hannunsa sunansa ya bi shi rami ba. Ci gyaɗarka."

Da 'ya'yan Musa suka shiga makaranta, malami ya rubuta laƙabin a gurbin sunan uba, ya zauna ke nan.

Na girma, aiki ya kawo ni Dubai, kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali. Nan na haɗu da wani dattijon Bature da ya ga sunana a jikin ƙofa ya tsaya. Ya ce sunan wani ƙauye ne a arewacin Faransa. Mutanen yankin, Normawa, sun ƙetare teku sun ci Ingila da yaƙi kusan shekara dubu da ta wuce, kowa ana kiransa da sunan garinsu. Na ce ashe dai irin namu ne, kamar a ce wane Gumel ko wane Funtuwa. Labarin ya yi mini daɗi, amma bai sa na so sunan ba. Na riga na yi wa yayana alkawari cewa in na haihu, daga kaina ya ƙare.

Sai shekarar korona ta zo. Matata Rabi tana da tsohon ciki a gidanmu na unguwar Al Buteen, ni kuma aka killace ni a wani ɗaki, numfashi yana gagarata. Ba jirgi, ba ɗan'uwa, ba mai shigowa sai mai takunkumi. Na ji tsoro ƙwarai. A kwancen nan na tuna Baturen gidan ciyawa, na gane abin da maginin ya gani. Da ina jin sunan kamar tambarin bauta ne. Ashe ba wanda ya ɗora mana shi, kakanmu ne ya yi wa baƙo alheri.

Na warke, Rabi ta haifi namiji. Ranar cike takardar haihuwa yayana ya bugo waya.

"To, shi ke nan, ka cire sunan nan ko? Ka sa na kakanmu Musa kawai."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na fasa. Mu ma yanzu baƙi ne a garin mutane."

Ya ce, "Iya Talle ta ci ka da yaƙi."

Na rubuta Musa Mortimer, harafi bayan harafi, na miƙa takardar.